RUWAN DA YA BI TA ƘOFARKA, NAKA NE?

   

Ga bazara ta shigo. Rana tana dukan ƙasa tun da hantsi. Ruwan rijiya ya yi nisa, sai an ƙara wa guga igiya. Gulbin Maraɗi ya koma rairayi, jakai da amalanke suna ratsa shi ba wanda ya jiƙa ƙafa. A irin wannan lokaci ya kamata mu yi maganar ruwa, don ba a sanin darajar abu sai ya yi ƙaranci.

Tambaya ɗaya zan yi maka yau. Kada ka yi saurin amsawa. Ruwan da ya biyo ta bakin gonarka, yana kan hanyarsa ta zuwa gonar wani, naka ne? In shukarka tana jin ƙishirwa, kuma ba ranar ruwanka ba ce, kana da ikon tare shi?

Kafin mu amsa, za mu yi tafiya biyu cikin jirgin ruwa. Ta farko a ƙasar Faransa, ta biyu a nan gida. Tafiyar zuci ce, ba ta buƙatar guzuri. Gyara zama.

Bazararsu da bazararmu

A Turai, watannin Maris da Afrilu da Mayu su ne ke biyo bayan sanyi. Da bazara muke fassara wannan lokaci, amma tasu ba irin tamu ba ce. Ba ta da zafi. Itatuwa suna toho, ciyawa tana fitowa, ƙoramu suna cike. A lokacin ne masu hali suke hayar jirgin ruwa su tafi shan iska. Jirgin dogo ne, gindinsa a shimfiɗe yake. A cikinsa akwai ɗaki da gado da murhu. Nan ake dafuwa, nan ake kwana. Ba teku suke shiga ba. Suna bin wata hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannu. Irin wannan hanya ita ake kira kanal.

Wadda ta fi suna a kudancin Faransa ita ce Kanal di Midi. Tsawonta kilomita 240. Ta tashi daga birnin Tuluz ta nufi tekun Bahar Rum. Wani mutum mai suna Piyer-Pol Rike shi ya tsaya a kan aikin. Sarki Luwi na 14 ya ba da izini a shekarar 1666. Dubban mutane, maza da mata, suka yi ta haƙa da diga da shebur, suna kwashe ƙasa da kwando. Aka buɗe hanyar a 1681. Shi Rike bai ga ranar ba. Ya rasu a 1680, saura kaɗan a gama. Ya zuba dukiyarsa cikin aikin, har ya bar wa magadansa bashi mai yawa.

A da, kaya ake ɗauka ta wannan hanya: alkama da sauran amfanin gona. Dawaki ne ke jan jiragen da igiya, suna tafe a bakin gaɓa. Da jirgin ƙasa ya iso wannan yanki a 1857, sai kaya suka riƙa komawa wurinsa, don ya fi sauri. Yau masu yawon buɗe ido ne suka fi bin ta. A 1996 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya.

To, ga abin da nake so ka lura da shi. Ƙasa ba a shimfiɗe take ba, akwai tudu akwai gangare. Yaya jirgi zai hau tudu? Ga dabarar. Sun gina wani ɗaki na dutse marar rufi a tsakiyar hanyar, mai ƙofa biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Jirgi ya shiga ta ƙofar ƙasa, a rufe. Sai a saki ruwa daga sama ya riƙa cika ɗakin. Ruwa yana hawa, jirgi yana hawa. In ruwan ciki ya yi daidai da na sama, sai a buɗe ɗaya ƙofar, jirgi ya wuce. Irin waɗannan wurare sun fi 60 a kan hanyar.

Ka ga ke nan ruwan da ya ɗaga jirgi daga sama ya zo. In kuwa ya sauka, ba ya komawa. Don haka babbar wahalar Rike ita ce samun ruwa a wurin da ya fi ko'ina tudu. Sai ya tattaro ƙananan ƙoramu daga duwatsun da suke kira Baƙin Dutse, ya gina babbar madatsa ya tara ruwan, yana sakin sa kaɗan-kaɗan. Duk tsawon hanyar nan da ruwan sama take rayuwa.

Shi ya sa suka yi dokoki. Jirgi ba ya wuce gudun kilomita 8 a awa, don kada igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa. Ai ko keke ya fi shi sauri. Ƙofofin suna da lokacin buɗewa da lokacin rufewa. A shekarar fari akan tara jirage su shiga ɗakin tare, don a yi tattalin ruwa. Ba mai jirgin da zai ce: "Ni na biya kuɗin haya, a buɗe mini yanzu." Sai ya ɗaure jirginsa ya jira.

Riƙe wannan a zuciyarka. Mu dawo gida.

Mu bi Gulbi daga sama har ƙasa

Yanzu ka ɗauka muna cikin watan Agusta, damina ta yi tsaka, Gulbi ya kawo. Mu shiga kwale-kwale mu bar ruwa ya tafi da mu.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, cikin Najeriya. A wajen Jibiya, Gada suke kiran sa. Sai ya ƙetaro iyaka ya shigo Nijar ta ƙasar Madarunfa. Can ga tafkin Madarunfa, inda masunta ke jefa koma daga cikin jiragensu. Muka wuce. Ga Jiratawa da garakenta. Ga Maraɗi bisa tudu. Ga Tsibirin Gobir. Ga Gidan Rumji. Daga nan sai Gulbi ya karkata ya sake komawa Najeriya. Ya haɗu da Gulbin Rima, ya bi ta Sakkwato, ya faɗa kogin Kwara, har teku.

Kakanninmu sun san darajar wannan fadama. Bayan jihadi, Katsinawa suka zo suka kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819, a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma suka kafa tasu a Tsibiri wajen 1836, zamanin Sarkin Gobir Mayaƙi. Dukansu bakin Gulbi suka zaɓa, don nan ga ruwa, ga itace, ga ƙasa mai albarka. Kuma sun san fushinsa. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama. Dole aka tashi aka hau tudu, inda birnin yake yau.

A ƙarshen shekarun 1980 aka gina madatsar ruwa a Jibiya, don noman rani da ruwan sha. Mutanen Jibiya ba baƙi ba ne a wurinmu. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya tsakaninmu. Su ma suna da shuka mai jin ƙishirwa. Amma tun daga lokacin manoman fadamar Maraɗi suka ga canji. Ruwan da kan malala ya kwanta a fadama, ya bar laka da danshi, ya ragu. Ga kuma shekarun fari sun ƙara nasu.

Hukumomin ƙasashen biyu sun san da maganar. A shekarar 1990, a Maiduguri, Nijar da Najeriya suka sa hannu a kan yarjejeniya ta raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Gulbin Maraɗi yana cikin ruwayen da aka ambata.

To, me muka gani a wannan tafiya? Jibiya tana saman Madarunfa. Madarunfa tana saman Jiratawa. Jiratawa tana saman Maraɗi. Maraɗi tana saman Tsibiri. Najeriya tana samanmu a wajen shigowar Gulbi, mu kuma muna samanta a wajen fitarsa. Ashe duk wanda yake saman wani, yana ƙasan wani. Mutumin Maraɗi da ke kukan an tare masa ruwa a sama, ya juya ya dubi arewa, akwai mai jiran abin da zai sako.

Hanyoyin ruwa na Jiratawa

Mu sauka daga jirgi a Jiratawa, kudu da Maraɗi kaɗan. Damina ta wuce, mun dawo bazara.

A farkon shekarun 1980 aka gyara babban filin noman rani a nan, wajen hekta 500. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978 don kula da irin waɗannan filaye, ita ke taimaka wa ƙungiyoyin manoma. An haƙa rijiyoyi masu zurfi. Injuna masu aiki da wutar lantarki suna jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa su zuba shi cikin hanyoyin ruwa, hanyoyin su kai shi fangali-fangali. A farko an fi noman kaɗa da alkama da dawa. Daga baya zogale da tattasai da albasa da sauran kayan miya suka samu wuri. Zogalen Jiratawa kuwa ya yi suna, kowa ya san shi a kasuwannin Maraɗi.

Ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa ba daga banza ya zo ba. Ruwan sama da ruwan Gulbi ne suke nutsewa cikin rairayi su taru. Ke nan injin Jiratawa ma daga hannun na sama yake sha.

Hanyar ruwan Jiratawa ba ta ɗaukar jirgi. Yaro ma yana iya tsallake ta. Amma dokarta ɗaya ce da ta Faransa: ruwa daga sama yake zuwa, in ya wuce ba ya dawowa, kuma ba ya isar kowa a lokaci ɗaya. Dole a yi bi da bi. Dole kuma kowa ya biya kuɗin ruwa, don a biya wuta a gyara inji.

Misalin manoma biyu

Ga wani misali. Ba labarin wani mutum ba ne, kada ka ce da wane nake. Yana iya faruwa a duk inda ake ban ruwa da layi.

Manoma biyu ne a kan hanyar ruwa ɗaya. Gonar ɗaya tana kusa da inji, mu kira shi Na-sama. Gonar ɗaya tana can ƙarshen hanya, mu kira shi Na-ƙasa. Na-sama saurayi ne mai ƙananan yara. Na-ƙasa dattijo ne, sa'an mahaifinsa.

Ranar Litinin ce ranar ruwan Na-sama. Ya zo tun da asuba da fartanyarsa. Sai wuta ta ɗauke. Ya jira har la'asar, inji bai tashi ba. Ranarsa ta wuce a banza. Ga tattasansa ya fara fure, ga zafin Afrilu. Kai manomi ne, ka san abin da ƙishirwa ke yi wa tattasai mai fure. Furen zai zube, wahalar wata uku ta tafi.

Ranar Talata wuta ta dawo. Amma yau ranar Na-ƙasa ce. Ga ruwa yana gudu ta bakin gonar Na-sama, yana sheƙi, yana wucewa. Azahar ta yi, rana ta take, kowa ya shige inuwa. Dattijo yana can ƙarshen hanya, ba ya hango nan. Sara ɗaya da fartanya ya isa. Ruwa zai shiga fangalin Na-sama, ba wanda zai sani.

Ya kai mai karatu, in kai ne, me za ka yi? Kada ka ce: "Ni ba ɓarawo ba ne," ka wuce. Na-sama ma ba ɓarawo ba ne. Bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Zuciyarsa ce take kawo masa hujjoji, kuma hujjojin suna da nauyi. Mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: "Ai na biya kuɗin ruwa."

Gaskiya ne ya biya. Amma me ya saya da kuɗinsa? Bai sayi ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba, don ba shi ya zuba shi ba, ba kuma ƙungiya ta zuba shi ba. Abin da ya biya shi ne rabonsa na wuta da gyara, aka ba shi rana. Dattijo ma ya biya, shi ma aka ba shi rana. Ranar Na-sama ta salwanta, wannan hasara ce. Yana da haƙƙin ya nemi ƙungiya ta rama masa. Amma ba dattijo ya ɗauke wuta ba. In an ci bashinka a gabas, ba ka zuwa yamma ka kama akuyar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Hujja ta biyu: "Kaɗan zan ɗiba, ba zai ma gane ba."

Mu yi lissafi. Ka ce gonaki goma ne a kan hanyar. Ka raba ruwan kashi goma. Na farko ya ce kaɗan ne, ya ɗebi kashi ɗaya. Na biyu ya gan shi, shi ma ya ɗebi ɗaya. Haka har mutum tara. Saura nawa ya isa wurin mai rana? Kashi ɗaya tak. A cikin taran nan ba wanda ya ɗebi da yawa, amma gonar dattijo ta bushe. Wa ya kashe ta? Kowa zai ce ba shi ba ne. Da kaɗan-kaɗan ɓera ke ƙarar da rumbu.

Hujja ta uku: "Allah ne ya ajiye ni a sama. Rabona ne."

Wanda gidansa ke bakin hanya, hanya ba ta zama tasa ba. In aka ba ka saƙon kuɗi ka kai wa wani a Tsibiri, kuɗin suna aljihunka tun daga Maraɗi, amma ba ka taɓa su. Sun bi ta hannunka ne kawai. Sunan wannan amana. Malaman fiƙihu ma sun yi bayani a kan ruwan ƙorama. Sun nuna na sama yana da ikon ya fara shayar da gonarsa, amma da iyaka: in ruwa ya kai idon sawu, sai ya sake shi ga na ƙasa. Ka ga ko inda aka ba na sama fifiko, an ɗora masa nauyi. Balle inda jama'a suka zauna suka yi alkawarin bi da bi. Alkawari kaya ne.

Hujja ta huɗu: "To, yarana fa? Me za su ci?"

Wannan ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Wanda bai taɓa tsayawa yana kallon shukarsa tana yaushi ba, bai san zafinta ba. Amma ka tuna dattijo ma yana da masu ci a gidansa. Albasarsa ma kwana bakwai ta yi tana jiran wannan rana. Larura tana ba mutum ikon ya roƙa. Tana ba shi ikon ya kai kuka, ya ɗaga murya a gaban jama'a. Abin da ba ta ba shi ba shi ne ya yanke hukunci shi kaɗai, a ɓoye, cewa yunwar gidansa ta fi ta gidan wani.

Ga ma'auni mai sauƙi da za ka riƙe. In da mai ranar yana tsaye a gabanka, za ka kai wannan sara? In za ka iya, to, je ka kira shi ka yi a gabansa. In ba za ka iya ba, zuciyarka ta riga ta ba ka amsa.

Abin da ke bushewa kafin gona

Akwai wani abu da Na-sama bai hango ba. Yana tsammani shi ba ya buƙatar na ƙasa. Kuskure ne babba.

Ka ce ya kai saran. Dattijo ya ga ruwa ya rage ƙarfi. Ba yaro ba ne, ya san dalili. Ya biyo hanya, ya ga danshi a fangalin da ba ranarsa ba. Ko bai ce komai ba, wani abu ya mutu a ranar. Sunansa yarda. Gobe dattijo zai turo ɗansa ya yi gadin hanya da sanda. Jibi wani zai rama a kan wani. Masu gonakin ƙarshe za su ce: "Don me za mu biya kuɗin ruwan da ba ya iso mu?" Su ƙi biya. Kuɗin wuta ya taru. A yanke wuta. Inji ya tsaya.

To, ranar da inji ya tsaya, gonar wa za ta sha? Ta kusa da inji da ta nesa duk ɗaya suke. Ashe ruwa yana gangarowa daga Na-sama zuwa Na-ƙasa, kuɗin da ke tayar da inji kuma yana haurowa daga Na-ƙasa zuwa Na-sama. Kowa yana riƙe da igiyar wani. Shi ya sa Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Hanya ta biyu

Yanzu ka ce Na-sama ya saɓa fartanyarsa, ya bi hanyar ruwa cikin rana har ƙarshe. Ya tarar da dattijo yana juya ruwa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu ɗana. Lafiya cikin wannan rana?"

"Lafiya, Baba, sai alheri. Jiya wuta ta cinye mini rana. Tattasaina yana fure. Na zo roƙo ne. In da hali, a taimaka mini da awa ɗaya. In ranata ta zagayo, sai in mayar."

Me dattijo zai ce? Yana yiwuwa ya ce: "Bari in gama fangalin nan biyu, sauran ka ɗauka." Sau da yawa haka ake yi, don wanda aka girmama da roƙo yakan ji kunyar hanawa. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Yana yiwuwa ya ce: "Ɗana, ka yi haƙuri, nawa ma ba zai ishe ni ba." Yana yiwuwa furen tattasai ya zube. Gaskiya tana da tsada, wani lokaci da amfanin gona ake biyan ta.

To, in haka ta faru, me Na-sama ya samu? Ya yi hasarar kwandunan tattasai, wannan ba wasa ba ne. Amma ya tsira da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Gobe in ya tashi a taron ƙungiya ya ce: "A rama wa wanda wuta ta cinye wa rana," za a saurare shi, don hannunsa ba laka. In ya nemi rancen iri, za a ba shi. Tattasai shekara ɗaya ne. Suna kuwa har jikoki.

Nauyin da ke kan sauran

Kada mu ɗora kaya duka a kan Na-sama. Na-ƙasa ma yana da nasa. In ɗan'uwanka ya tako cikin rana ya roƙe ka, kuma kana da sarari, kada ka hana shi don kawai doka tana bayanka. Mai hana abin da ba zai cuce shi ba, shi ke koya wa mutane ɗiba a ɓoye. Ruwan sha kuwa, na mutum ko na dabba, wannan ba a hana shi ko ranar wa ce.

Shugabannin ƙungiya su ma da nasu. Layin da ba adalci a cikinsa shi ke haifar da ɓarayin ruwa. In kullum daga sama ake fara rabo, na ƙarshe kullum shi ke shan saura. Me zai hana wannan zagaye a fara daga sama, zagaye mai zuwa a fara daga ƙasa? Me zai hana a yi shawara tun kafin shuka a kan yadda za a rama wa wanda ranarsa ta salwanta? A rubuta layin da manyan baƙaƙe, a manna shi inda kowa zai gani. Abin da aka rubuta ba ya canzawa don wane ɗan'uwan shugaba ne. In kuwa ka ga layin bai yi daidai ba, wurin gyaransa taro ne, da rana tsaka, a gaban kowa.

Kai da ba ka da gona a Jiratawa

Watakila ka ce: "Ni ba ni da fangali, wannan magana ba tawa ba ce." Taka ce. Rijiyar garinku fa? Mai zubar da ruwan wanki a bakinta, shi ne na sama, mai sha shi ne na ƙasa. Tafkin da kuke shayar da bisashe fa? Manomin da ya shinge hanyar zuwa tafki, ya tare ruwan makiyayi. Mai wanke gwangwanin maganin ƙwari a cikin Gulbi, ya aika wa mutanen Tsibiri saƙon da ba su roƙa ba.

Akwai kuma wani na ƙasa wanda ba ya iya zuwa taro, ba ya iya kai ƙara. Shi ne jikanka da ba a haifa ba tukuna. Yau ƙananan injunan ban ruwa sun yawaita a fadama. Alheri ne, sun hutar da mu jan jigo. Amma in muna jawo ruwa fiye da yadda damina ke mayarwa, muna bar shi yana malala a banza, ranar wa muke ci? Rijiyar da kake sha yau, wani ya haƙa ta, watakila ma bai daɗe yana sha ba. Rike na Faransa bai shiga jirgi ya bi hanyarsa har teku ba, amma ga mutane suna bin ta bayan shekara fiye da 300. Na samanmu sun sako mana. Saura mu.

Amsar tambaya

To, ruwan da ya bi ta ƙofarka, naka ne? Ga tawa amsar. Rabonka a cikinsa naka ne, ka sha, ka shayar, ba wanda zai hana ka. Abin da ya wuce rabonka baƙo ne mai wucewa, an ba ka amanar ka nuna masa hanya. In kana cikin matsi, ka roƙa a fili. In an zalunce ka, ka faɗa a fili. Amma kada ka kai sara a ɓoye.

Wannan ra'ayina ne. Kai ma kana da naka. In kun taru da dare bayan sallar isha'i, ka karanta wa abokanka misalin nan, ku tattauna. In dattijo ya hana, kuma yana da sarari, wa ya fi laifi? In ɗanka ne ya kai saran, tattasai ya yi kyau, za ka ci kuɗin? A garinku, su wa ke sama, su wa ke ƙasa, kuma yaushe rabon da ku zauna tare?

Allah ya kai mu damina lafiya. Allah ya sa Gulbi ya kawo da alheri, ya ishi na sama, ya ishi na ƙasa. Sai wani jiƙo.